Babi na Shida: Gawar da Ta Shekara Talatin a Taskar Banki

Ranar 6 ga Agustan 1975 masu karanta jaridar New York Times suka wayi gari da labarin rasuwa a shafin farko. Mamacin ɗan ƙasar Beljiyam ne, tsohon ɗan sanda, gajere, mai ƙwalisa, mai ji da gashin bakinsa fiye da komai a duniya. Jaridar ta zayyana tarihinsa da ayyukansa kamar yadda take yi wa shugabanni da manyan masana idan ta Allah ta kasance. Abin da ya bambanta wannan mamaci da sauran shi ne ba uwar da ta taɓa haihuwarsa. Hercule Poirot ɗan alƙalamin Agatha Christie ne, kuma shekara 55 ke nan tun da ya fara warware kisan kai a cikin littattafanta.

Ga wani abin mamakin kuma: mutuwar ba sabuwa ba ce. Christie ta kashe shi tun farkon shekarun 1940, lokacin da jiragen Jamus ke ruwan bama-bamai a kan Landan. Ta rubuta littafin, ta sa aka kulle shi a taskar banki, sannan ta koma teburinta ta ci gaba da aiken mutumin nan wurare, yana kama masu laifi, yana gyara gashin baki, kamar ba abin da ya faru. Wanda bai karanta littafin ba, mai suna Curtain, kuma yake son ya gano wa kansa yadda ta kaya, gara ya tsallake wannan babi, domin a nan za a fasa ƙwai.

Matsalar ta faro tun daga ranar farko. A 1916 Christie, tana da shekara 25 zuwa 26, tana aikin sa kai a ɗakin haɗa magani na wani asibiti a garinsu Torquay, a kudu maso yammacin Ingila. Yayarta Madge ta taɓa ce mata ba za ta iya rubuta labarin kisan kai da zai gagari mai karatu ba. Tana zaune cikin kwalaben guba, sai ta yi shawarar kisan da za ta rubuta ya zama na guba. Saura mai bincike. A lokacin unguwarsu cike take da 'yan gudun hijira daga Beljiyam, waɗanda yaƙin duniya na farko ya koro, don haka ta ɗauko ɗaya daga cikinsu a zuci, ta mai da shi tsohon jami'in 'yan sanda da ya riga ya yi ritaya. Littafin, The Mysterious Affair at Styles, ya sha yawo a hannun kamfanonin ɗab'i kafin ya fito a 1920.

Kalmar "ritaya" ita ce ta zame mata ƙarfen ƙafa. Yarinya mai rubuta littafinta na farko ba ta san cewa wannan tsoho zai bi ta har cikin nata tsufan ba. Idan aka ƙaddara Poirot yana da shekara 60 a 1916, to a 1972, lokacin da ya fito a Elephants Can Remember, ya doshi 116, kuma yana nan yana hawa mota yana zuwa yi wa mutane tambayoyi. Ita kanta ta amsa a tarihin rayuwarta da ta rubuta cewa babban kuskure ne da ta fara da shi yana tsoho. Ta yi ƙoƙarin mai da abin wasa. A The Murder of Roger Ackroyd na 1926 ta sake yi masa ritaya, ta kai shi ƙauye yana noman wani nau'in kabewa, amma kisan kai ya biyo shi har maƙwabta. A The ABC Murders na 1936 abokinsa Kyaftin Hastings ya dawo daga Ajantina ya tarar da gashin Poirot ya fi da baƙi, ya yi ta mamaki, har sai da Poirot ya nuna masa kwalbar rini.

Ban da tsufa akwai gajiya. Tun a shekarun 1930 Christie ta fara kukan cewa mutumin ya ishe ta, da fankamarsa da tsirfarsa da yadda ba ya iya ganin abu a karkace bai miƙe shi ba. Daga baya ma ta yi masa kalamai masu zafi, ta kira shi mai son kansa, mai gundura. Har ta ƙirƙiro wata marubuciya a cikin littattafan, Ariadne Oliver, mai yawan cin tuffa, wadda ita ma take da nata mai binciken, ɗan ƙasar Finland, take kuma tsine wa ranar da ta ƙirƙiro shi alhali ba ta san komai game da ƙasarsa ba. Duk mai karatu ya san da wa ake. Sai dai jama'a na son Poirot, kamfanin ɗab'inta, Collins, na son Poirot, kuma Christie mace ce da ba ta raina abin da ke kawo mata abinci ba.

Tana kuma da darasi a gabanta. Arthur Conan Doyle ya taɓa shiga irin wannan hali da Sherlock Holmes, shi kuwa bai yi wata-wata ba. A Disamban 1893, a mujallar Strand, ya tura Holmes da abokin gabarsa Farfesa Moriarty suka faɗa mafaɗar ruwa ta Reichenbach a ƙasar Siwizalan, don ya samu sukunin rubuta littattafan tarihi da yake ganin su ne aikin kirki. Masu karatu suka yi masa ca. Ya daure shekara takwas, sannan ya fito da The Hound of the Baskervilles, yana cewa labarin ya faru ne kafin mutuwar. A 1903 ya sallama gaba ɗaya, aka ce ai Holmes bai faɗa ruwan ba, ɓuya ya yi. Daga nan Doyle bai sake gwada kashe shi ba, ya bar shi ya koma karkarar Sussex yana kiwon zuma. Kuskuren Doyle biyu ne: ya yi kisan a bainar jama'a tun yana da sauran shekaru masu yawa na shan matsi, kuma bai nuna gawa ba. Christie ta kauce wa duka biyun.

Yaƙin duniya na biyu ya same ta a Landan. Mijinta na biyu, Max Mallowan, masanin haƙo kayan tarihi, ya shiga rundunar sojan sama, daga baya aka tura shi Masar da Arewacin Afirka. Gidanta na Greenway a Devon gwamnati ta karɓe shi don aikin sojan ruwa, gidanta na Sheffield Terrace kuma bam ya taɓa shi. Ta koma wani ɗan ƙaramin ɗaki a Lawn Road, a unguwar Hampstead, ta sake ɗaura farar riga tana haɗa magani a asibitin University College, da yamma kuma ta zauna gaban tafireta. A irin wannan zama, wanda ya kwanta ba ya da tabbacin zai tashi. Sai ta rubuta littattafai biyu ta ajiye: na ƙarshen Poirot, da wani na ɗaya mai bincikenta, Miss Marple, mai suna Sleeping Murder. Haƙƙin mallakar na farko ta ba 'yarta Rosalind kyauta, na biyu ta ba Max. Idan bam ya ɗauke ta, iyali suna da abin sayarwa, Poirot kuma yana da ƙarshe irin wanda ita ta zaɓa masa.

Bam bai ɗauke ta ba. Ta rayu fiye da shekara talatin bayan haka, littafin na kwance a banki.

Labarin Curtain ya mai da kowa inda aka faro. Gidan Styles, inda aka shayar da attajira Emily Inglethorp guba a littafin farko, yanzu ya lalace ya zama masaukin baƙi mai araha, hannun wani tsohon soja Kanar Luttrell da matarsa mai kaifin baki. Hastings, wanda rabon da a gan shi a cikin dogon labari tun Dumb Witness na 1937, ya dawo, matarsa ta rasu, 'ya'ya sun watse. Ya tarar da Poirot a keken guragu, sanyin ƙashi ya nakasa shi, zuciya na barazanar tsayawa, fuska ta yamutse, gashi da gashin baki kuwa baƙi wuluk, abin tausayi. Ko amintaccen baransa George ba ya nan, an kawo wani ƙato mai suna Curtiss yana ɗaukar sa yana saukewa.

Poirot ya miƙa wa Hastings bayanin kisan kai guda biyar da aka yi a wurare dabam-dabam. A kowane ɗaya an san wanda ya yi, ba a kuma yi shakka ba. Amma akwai mutum guda da ya kasance kusa da dukkansu, wanda Poirot ya ƙi faɗin sunansa, ya ce a kira shi X. Wannan mutumin yana cikin gidan, kuma za a sake kisa.

A nan Christie ta yi abin da ya ɗaga littafin sama da yawancin 'yan'uwansa. X ba ya riƙe wuƙa, ba ya zuba guba, ba ya harbi. Sana'arsa ingiza mai kantu ruwa. Yakan lura da inda zuciyar mutum take da miki, sai ya taɓa wurin da 'yar magana mai kama da ta tausayi ko ta rashin wayo, ya ja da baya ya zuba ido. Kowa yana da lokacin da yake ji kamar ya shaƙe wani, yawanci kuma lokacin yakan wuce. Aikin X shi ne ya hana shi wucewa. Ba kotun da za ta kama mutum don ya faɗi magana a teburin cin abinci, ko don ya yi shiru a inda ya kamata ya yi magana. Christie ta ɗauko samfurinsa daga Iago na wasan Othello na Shakespeare, wanda ya zuga mai gidansa har ya kashe matarsa, kuma ba ta ɓoye aron ba: kwafin wasan na cikin abubuwan da Poirot ya bar wa Hastings don ya gane bakin zaren.

Mutumin kuwa shi ne wanda ba wanda zai kalla sau biyu. Stephen Norton, siriri, mai furfura, mai ɗan in'ina da ɗingishi, kullum rataye da madubin hangen nesa yana kallon tsuntsaye, wai ko jini ba ya iya gani. Bayan wata hira da ya sa baki a ciki, wadda ta tuna wa Kanar Luttrell irin wulaƙancin da matarsa ke yi masa a gaban baƙi, Kanar ya ɗaga bindiga ya harbi wani abu da ke motsi a lambu, ya ce ya zaci zomo ne. Matarsa ce. Ta rayu, da rauni. Sai aka juyo kan Hastings da kansa, mutumin da masu karatu suka sani shekara da shekaru a matsayin mai gaskiya, mai saurin yarda da mutane, wanda ba ya iya cutar da kowa. Norton ya yi ta nuna masa, a kaikaice, cewa 'yarsa Judith ta faɗa hannun wani mayaudarin mata, Manjo Allerton. Wani dare Hastings ya daka ƙwayoyin barci ya zauna jiran Allerton don ya shayar da shi. Abin da ya cece shi kofin cakulan mai zafi ne da Poirot ya matsa masa ya sha, wanda aka sa wa maganin barci. Ya farka da safe a kujera, hankalinsa ya dawo, yana jin kunyar kansa.

Wanda ya karanta wannan wuri ya san Christie ba wasa take yi ba. Idan Hastings zai iya, to ba wanda ya tsira.

Gubar da ta yi kisa a littafin daga Najeriya ta fito. Judith tana aiki ne da wani likita mai bincike, Dakta Franklin, wanda ya duƙufa kan waken Kalaba. Wannan wake gaskiya ne, ba ƙirƙira ba. Mutanen Efik suna kiransa esere, kuma a da da shi suke shari'ar wanda aka zarga da maita: a ba shi ya sha, in ya amayar ya kuɓuta, in ya mutu laifinsa ya tabbata. 'Yan mishan na Sikotlan ne suka kai shi Edinburgh a ƙarni na 19, inda masanin guba Robert Christison ya gwada shi a jikinsa a 1855 ya sha da ƙyar, daga baya kuma aka tace sinadarin cikinsa ana maganin hawan jinin ido da shi. Christie, mai haɗa magani, ta san duk wannan. Ta kuma san abin da take yi da ta ajiye waken rarrabe mai laifi da marar laifi a tsakiyar labarin da ke tambayar wane ne mai laifin: wanda ya ɗaga hannu ko wanda ya zuga shi.

Matar Dakta Franklin, Barbara, mai yawan kukan ciwon da ba a gani, ta ƙyalla ido kan wani attajiri, Sir William Boyd Carrington, mijinta kuma ya zame mata cikas. Ta zuba gubar a gahawarsa. Ana cikin haka kowa ya fita baranda kallon taurari, Hastings ya juya wani ɗan tebur mai kewayawa don ya ɗauko littafi, kofuna suka sauya wuri ba wanda ya lura, ta shanye abin da ta haɗa da hannunta. A zaman binciken musabbabin mutuwar, Poirot ya ba da shaidar da ta sa aka yanke cewa kashe kanta ta yi. Ya san ba haka ba ne. Ya karkatar da shari'a don kada a rataye Franklin ko Judith a kan abin da ba su yi ba, kuma don kada Hastings ya san abin da hannunsa ya jawo.

Ba da jimawa ba aka tsinci Norton a ɗakinsa, ƙofa a kulle, mabuɗi a aljihunsa, bindiga a hannu, harsashi a tsakiyar goshi daidai wa daida. Aka ce shi ma kashe kansa ya yi. Kafin a gama wannan jimami, sai ga Poirot ya cika, ciwon zuciya.

Bayan wata huɗu lauyoyi suka aiko wa Hastings da wani rubutu da Poirot ya bari, a ciki ya warware komai. Ashe yana iya tafiya da ƙafarsa, keken guragun shiri ne. Ya sallami George ne don George zai gane. Gashin kansa hula ce, gashin bakin ma, wanda duniya ta san shi da shi, na manne ne. A daren ya kira Norton ɗakinsa, ya gaya masa ya san ko shi wane ne, ya kuma gaya masa zai kashe shi. Norton ya yi murmushi, don ya san ba hujja. Da aka kawo cakulan ya nemi su musanya kofi, Poirot ya yarda, domin duka biyun akwai maganin barci, shi kuwa jikinsa ya daɗe da sabawa da shi. Da Norton ya sulale, Poirot ya cire hular gashi da gashin baki, ya sa rigar barcin Norton, ya yi ɗingishi a baranda yadda Hastings zai hango shi ya rantse ya ga Norton ya shiga ɗaki ya kulle. Ya kai Norton gado, ya harbe shi, ya fita da mabuɗi na biyu da ya tanada tun tuni. Wuri ɗaya halinsa ya ci amanarsa: mai kashe kansa a gefen kai yake harbi, amma Poirot ya kasa jure abin da bai daidaita ba, sai ya harba a tsakiya. Daga nan ya koma gadonsa, ya nisanta da maganin zuciyarsa daga inda hannu zai kai, ya bar sauran ga Ubangiji, yana mai cewa shi kansa bai tabbata ko abin da ya yi daidai ne ba.

Masu karatu da yawa sun ji kamar an ci amanarsu. Mutumin da ya shafe rayuwarsa yana nanata cewa bai yarda da kisan kai ba ko da wane dalili, ya ƙare da jini a hannu. Wasu suka ce ramuwar gayya ce ta marubuciyar da ta gaji da halittarta, ta tsiraita shi, ta cire masa har gashin baki kafin ta binne shi. Wannan fassara tana da daɗin faɗa, amma ba ta yi wa littattafan adalci ba, don alamun sun daɗe a fili. A Roger Ackroyd, Poirot ya nuna wa mai kisan hanyar da zai ɗauke kansa don ya rufa wa 'yar'uwarsa asiri. A Murder on the Orient Express na 1934 ya gano mutum goma sha biyu da suka haɗu suka kashe wanda ya sace ƙaramar yarinya ya hallaka ta, ya kuma miƙa wa hukuma wani labarin dabam ya bar su suka tafi. A Death on the Nile na 1937 ya san Jacqueline de Bellefort tana da bindiga ta biyu, ya yi shiru. Poirot ya daɗe yana yanke hukunci a bayan idon alƙali. Abin da Curtain ya ƙara shi ne ya sa shi ya zartar da hannunsa, ya kuma biya da ransa. Tambayar ma tana cin Christie a wancan lokaci: a 1939, gab da rubuta Curtain, ta fitar da And Then There Were None, inda wani tsohon alƙali ya tara mutanen da suka yi kisan da doka ba ta iya kamawa a wani tsibiri, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Bambancin shi ne alƙalin yana jin daɗin aikinsa, Poirot kuwa tsoron nasa yake ji.

Akwai kuma abin da jinkirin ya sauya ba tare da an taɓa ko harafi ba. Lokacin da aka rubuta littafin, rataya ce hukuncin mai kisan kai a Birtaniya, kuma duk wanda Poirot ya nuna da yatsa igiya ce makomarsa. Kafin a buga shi majalisa ta dakatar da hukuncin a 1965, ta soke shi a 1969. Wanda ya buɗe littafin a 1975 yana karanta labarin tsoho da ya zartar da hukuncin da ƙasar kanta ta daina zartarwa.

Dalilin fito da shi a wannan shekara ba ɓoyayye ba ne. Christie ta saba ba Collins littafi kusan kowace shekara don kasuwar Kirsimeti, amma ƙarfi ya ƙare. Littattafanta na ƙarshe, Elephants Can Remember da Postern of Fate na 1973, sun cika da maimaici da zaren da ba a ɗaure ba. A 2009 wasu masana biyu na Jami'ar Toronto, Ian Lancashire da Graeme Hirst, suka ƙirga kalmomin littattafanta da kwamfuta, suka ga yawan kalmomin da take amfani da su ya ragu ƙwarai a ƙarshen rayuwarta, har suka yi hasashen ko ciwon mantuwa ne ya fara kama ta. A 1974 an tattara tsofaffin gajerun labarai an cike gurbi da su. A shekarar ce kuma fim ɗin Murder on the Orient Express na Sidney Lumet, da Albert Finney a matsayin Poirot, ya yi kasuwa sosai, har Ingrid Bergman ta samu kyautar Oscar da shi. Sunan Poirot ya dawo bakin kowa, sabon littafi kuwa babu. Aka buɗe taska. Curtain ya fito a Satumban 1975, Christie na tsohuwa mai shekara 85, alhali aikin mace ce mai shekara hamsin da 'yan kai, a ganiyar ƙarfinta. Wannan ita ce babbar ribar dabarar: Poirot ya samu mutuwar da aka rubuta da hannu mai ƙarfi, ba da hannu mai rawa ba.

Ta bar ɗan tabo, ba shakka. Poirot na shekarun 1960 ya yi zamani da samari masu dogon gashi da 'yan mata masu gajeren siket a Third Girl, sai ga shi a Curtain ya koma duniyar barori da tsofaffin Kanar-Kanar, ba wanda zai iya cewa ga shekarar da abin ya faru. Masu karatu ba su damu ba.

Christie ta rasu ranar 12 ga Janairun 1976 a gidanta da ke Wallingford, wata huɗu bayan fitowar littafin. Sleeping Murder ya biyo baya a cikin shekarar, kuma a cikinsa Miss Marple ta gama aikinta lafiya lau, ba ko ciwon kai. Wannan kaɗai ya isa ya nuna wadda marubuciyar ta fi so a cikin su biyun.

Sauran marubuta irinta kowa ya bi tasa hanya. Colin Dexter ya kashe Sufeto Morse na Oxford da ciwon zuciya a littafi na 13, a 1999, yana raye yana kallon masu karatu na juyayi. Henning Mankell na Suwidin bai kashe Kurt Wallander ba, ya bar shi a 2009 yana nutsewa cikin ciwon mantuwa, wanda wasu ke ganin ya fi mutuwar ciwo. Georges Simenon, ɗan Beljiyam na gaske, ya rubuta littafin Maigret na 75 a 1972 ya ajiye alƙalami kawai, bai yi sallama ba. Wanda ya ɗauki dabarar Christie sak shi ne Andrea Camilleri na Sisili: ya rubuta ƙarshen Kwamishina Montalbano a 2005, yana da shekara 80, ya miƙa wa kamfanin Sellerio a Palermo ya ce a ajiye. Ya rayu har 2019 yana ƙara wasu littattafan, aka buga Riccardino a 2020.

Ga Poirot kuwa, kabari bai hana shi aiki ba. David Suchet ya fito a matsayinsa a talabijin ɗin ITV daga 1989 har sau 70, aka nuna Curtain a Nuwamban 2013. Ko a can sai da aka yi dabara: an ɗauki mutuwar tun farkon zangon ƙarshe, aka rufe aikin da Dead Man's Folly a gidan Christie na Greenway, don ɗan wasan ya rabu da Poirot yana tsaye da ƙafarsa. Shekara guda bayan haka, da izinin iyalan Christie, marubuciya Sophie Hannah ta fitar da The Monogram Murders, sabon labarin Poirot na farko da ba Christie ta rubuta daga tushe ba, wasu kuma suka biyo. Kenneth Branagh ya kai shi silima sau uku tsakanin 2017 da 2023.

Magada sun bi ta ƙofar da Doyle ya buɗe a 1901. Ba wanda ya ce Poirot bai mutu ba, domin akwai gawa, akwai jana'iza, akwai wasiƙa da hannunsa. Sai dai a koma baya a nemi shekarar da ba a cike ba: Hannah ta ajiye labarinta na farko a 1929, Branagh ya kai nasa na uku birnin Venice a 1947. Kamfanin Agatha Christie Limited ne ke ba da izinin kowane ɗaya, kuma bisa dokar Birtaniya ta shekara 70 bayan rasuwar marubuci, haƙƙin littattafan zai ci gaba da zama a hannunsa har ƙarshen 2046. A Amurka kuwa littafin Styles na 1920 da waɗanda suka biyo shi a wancan goman sun riga sun fita daga wannan kariya, kowa na iya buga su.